Mastas a bayomedikal: gida, Jamus, Ingila ko Amurka, wanne ya dace da ɗan Sakkwato?

Cikin wata guda mutum biyu suka same ni da tambaya iri ɗaya. Na farko ɗan yayata ne, ya gama injiniyancin lantarki da 2:1, makinsa 3.9, ya dawo daga bautar ƙasa yana nan Mabera yana ɗan haɗa wa mutane sola da inbata. Bayan isha'i ya zo ya zauna gefen tabarma, ya ce "Kawu, ni fa bayomedikal nika so in yi, amma duk wanda na tambaya sai ya ce in tafi waje, wajen kuma ba wanda ya ce man ina." Ta biyu ɗiyar maƙwabcinmu ce nan Runjin Sambo, Radiyogirafi ta karanta a Danfodiyo, tana aiki ɗakin hoto, ita kuma damuwarta in na'ura ta tsaya sai a yi makonni ana jiran injiniya daga Legas, marasa lafiya na zuwa tun daga Illela da Gwadabawa ana ce masu su koma. Ta ce "Baba, ina so in san cikin injin ɗin, ba danna maɓalli kaɗai ba."

Shekara 14 ke nan ina cikin injinan asibiti, kuma yaran da suka yi aiki ƙarƙashina wasu sun tafi ƙaro karatu, na ga waɗanda hanya ta ɓulle masu na ga waɗanda suka yi asarar kuɗin fom a banza. Tau abin da na gaya wa waɗannan biyun shi zan shimfiɗa a nan.

Kafin a yi maganar ƙasa, akwai tambayar da na fara yi wa yaron: in ka gama mi za ka yi da shi? Don bayomedikal ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɓangaren hoto, wato MRI da CT da sikanin, wanda yau kusan rabinsa lissafi ne da rubuta furogiram a kwamfuta. Akwai ɓangaren na'urorin auna jiki irin su ECG da monita da injin taimaka wa numfashi, nan ɗan lantarki yake gida. Akwai masu ƙafar roba da ƙarfen da ake sa wa ƙashi, wannan na 'yan makanikal ne. Akwai masu noman ƙwayoyin halitta a lab suna neman haɗa fata ko guringuntsi, wannan kuma sai mai ƙarfi a kemistiri da bayoloji. Sannan ga irin namu, kula da kayan asibiti, saye da girkawa da gwaji da gyara, wanda shi ne Sakkwato ta fi buƙata yau, garin da zafin Afrilu ke haura 40, ƙurar hunturu ta toshe fanka, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone allo. Wanda ke son ya dawo ya riƙe kayan asibiti da wanda ke son ya zama mai bincike yana ƙirƙirar sabuwar na'ura, hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma mafi yawan kuskuren da nake gani daga nan yake farawa.

Abu na biyu transkirif. Mu nan mun saba da tambayar wane aji ka fita da shi, fes kilas daga 4.50, 2:1 daga 3.50 zuwa 4.49, 2:2 daga 2.40 zuwa 3.49. Amma masu ba da admishan a wannan fannin ba ajin kaɗai suke dubawa ba, buɗe takardar suke yi layi-layi su ga lissafi nawa ka yi, ka yi kalkulas, ka yi difarenshiyal ikweshan, ka yi liniya aljebra, ka taɓa sigina da sistem, ka iya furogiramin ko ba ka iya ba. Ɗan injiniya da ya yi shekara 5 a jami'ar Najeriya yawanci yana da waɗannan, abin da ba ya da shi anatomi da fisiyoloji, kuma wannan giɓin mai sauƙin cikewa ne don makarantu da yawa suna koyar da su a zangon farko na mastas ɗin. Wanda ya fito daga ɓangaren lafiya shi kuma akasin haka, ya san jiki amma lissafinsa ya tsaya tun aji ɗaya, kuma wannan giɓin ya fi wuyar cikewa. Zan dawo kan wannan in na zo maganar yarinyar.

Mu fara da gida. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Legas suna yin digiri na biyu a bayomedikal, FUTO, jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri, ta daɗe da sashen, Ilorin ma tana da shi. Sharuɗɗan ba baƙi ba ne: kiredit 5 na WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, digiri aƙalla 2:2, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, transkirif da makarantarka za ta aika kai tsaye, da takardun malamai masu shaidarka. Mai tad kilas ko mai HND, irin yaranmu na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, sai ya bi ta PGD tukuna, wato difloma ta share fagen mastas, shekara guda, in ya ci da kyau ya wuce mastas. A takarda karatun zango 3 ne, wata 18, kwasa-kwasai da semina sannan furojet da za ka kare gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. A zahiri ka sa shekara 2 a ranka ko fiye, kowa ya tuna 2022 da ASUU ta yi wata 8 tana yajin aiki.

Amfanin gida babba ne kuma mutane na raina shi. Kuɗin makarantar wanda ma'aikaci zai iya tarawa ne ba sai an taɓa gona ba. Ba biza, ba IELTS, wato jarrabawar gwada Turanci. Mai aikin gwamnati zai iya neman hutun ƙaro karatu albashinsa na tafiya. Kuma furojet ɗinka zai iya zama kan matsalar da ka sani da idonka, misali kwalbar jarirai bakwaini da za ta yi aiki da sola ta jure ɗaukewar wuta, ko yadda za a tsara rajistar kayan asibiti a san wanne ke aiki wanne ya mutu da dalilin mutuwarsa. Rashin amfaninsa shi ne kayan aiki, abu da yawa a allo za ka gan shi ba a hannu ba, in kuma burinka noman ƙwayoyin halitta ne ko ƙirar guntun lantarki, gaskiya za ka sha wuya. Ga nisa. Daga Sakkwato zuwa Ibadan ta Jega da Yawuri da Kwantagora da Jebba tafiya ce ta yini cur wani lokaci har da kwana, da yanayin hanya da kowa ya sani, don haka kar wani ya ɗauka zai riƙa zuwa yana dawowa duk mako, tarewa can za ka yi.

Sai Jamus, kuma nan zan daɗe don ita ce na fi ganin ta dace da irin ɗan yayata, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Abin da kowa ke ji shi ne karatu kyauta. E, yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin zango na 'yan ɗaruruwan yuro. Amma ba duka ba, jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓar kuɗi daga baƙi a 2024, kuma nata ya fi haka sosai. Mastas ɗin shekara 2 ne, kiredit 120, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, zangon ƙarshe gaba ɗaya na bincike ne, wata 6, kuma sau da yawa a cikin kamfani ko asibiti ake yinsa. Akwai waɗanda ake koyarwa da Turanci: Aachen, Lübeck, Magdeburg, da Erlangen mai ƙarfi a ɓangaren hoto. Kuma ba banza suke a waɗannan garuruwan ba, Dräger mai injinan numfashi da na sa barci da muke gani a tiyata a Lübeck take, Siemens Healthineers masu MRI da CT kuma yankin Erlangen ne gidansu. Wato injin da nake buɗewa a nan ina neman inda ya lalace, yaro zai iya zuwa ya yi horo inda aka ƙera shi. Wannan kaɗai ya sa nake ƙaunar wannan hanyar.

Amma Bajamushe ba ya sassauci a takarda. Za su ce muna son kiredit kaza na lissafi, kaza na lantarki, kaza na kwamfuta, su ƙirga, in ka gaza ko da kaɗan sai su ƙi ka ko da fes kilas gare ka, ba roƙo ba sanayya. Shi ya sa bayan transkirif ake so ka haɗa bayanin kowane kwas, abin da aka koyar a ciki, daga littafin sashenku. Makinsu juye yake da namu, 1.0 shi ne ƙoli, 4.0 shi ne ci da ƙyar, kuma shirye-shirye da yawa suna neman 2.5 ko abin da ya fi shi kyau. Mun zauna da yaron mun juya 3.9 ɗinsa da ƙa'idar da suke amfani da ita, ya faɗo tsakanin 1.8 da 1.9, ya wuce lafiya lau. Jami'o'i da yawa ta uni-assist, wata cibiya mai tantance takardun baƙi, ake tura masu takardu, ana biyan kuɗin dubawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne asusun da ake toshewa. Kafin a ba ka biza sai ka zuba kuɗin zaman shekara guda a wani asusu a Jamus, tun Satumbar 2024 adadin yuro 11,904 ne, suna sakar maka 992 duk wata. Ku buga da canjin yau, ya haura naira miliyan 15 nesa ba kusa ba. Bambancinsa da kuɗin makaranta shi ne wannan kuɗinka ne, kai za ka ci, ka biya haya da inshorar lafiya, kuma doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki kwana 140 cikakku a shekara ko rabin yini 280, don haka shekara ta biyu da yawa da guminsu suke riƙe kansu. Bayan gamawa ana ba da wata 18 na neman aiki. Sai dai wanda bai koyi Jamusanci ba zai ga aikin na wuyar samuwa ko da karatun da Turanci ya yi, kuma jarrabawarsu ba wasa, a yawancin jami'o'in in ka faɗi kwas na dole sau 3 an sallame ka daga shirin. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga azumi mai tsawo in ya faɗo a bazara. Na gaya masa wannan duka ban ɓoye ba. Tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da sikolashif, akwai shi, amma wanda aka ware wa ƙasashe masu tasowa yana neman shekara 2 na aiki bayan digiri, kuma wasu kwasa-kwasai ne aka zaɓa ba kowanne ba.

Ingila ita ce ta fi sauƙin shiga kuma ita ce na fi tsoratar da mutane a kanta. Mastas shekara 1 ne, Satumba zuwa Satumba, kiredit 180 wanda 60 na furojet ne a watannin ƙarshe. Manyan irin Imperial da UCL 2:1 mai ƙarfi suke so ko fes kilas, Strathclyde da ke Glasgow can Scotland tsohuwar hannu ce a fannin, wasu jami'o'in kuma suna karɓar 2:2, wasu ma suna yarda da C6 na Turancin WAEC maimakon IELTS 6.5. Admishan kan fito cikin makonni, yaro ya buga takarda ya kawo gida ana ta barka. Sai a zo kuɗi: karatun injiniya ga baƙo ya kan kai fam 25,000 zuwa sama da 40,000 a manyan, ban da haya da abinci, ban da kuɗin lafiya fam 776 a shekara da ake biya tare da biza. Tun Janairun 2024 kuma mai mastas irin na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya tafiya da iyalinsa, wannan magidanta su sani. Shekara guda tana wucewa kamar ƙiftawar ido, kafin ka gane hanyar lab an ce kawo furojet.

Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi: in ba sikolashif ba, kar a sayar da fadama ko gidan gado don wannan. Na ga gidan da aka yi haka, yaron ya dawo da takarda mai kyau, albashin da ya samu ko shekara 20 ba zai mayar da kuɗin ba, 'yan'uwa kuma har yau ba su daina maganar ba. In akwai sikolashif labari ya canja. Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya, na biyan komai amma tana neman aikin shekara 2, awa 2,800 suke ƙirgawa, kuma dole ka dawo gida na shekara 2 bayan gamawa, wanda ga mai niyyar dawowa Sakkwato ai ba sharaɗi ba ne mai nauyi. Akwai na Commonwealth ma. Mai aiki a asibiti da ya riga ya san matsalar da yake so ya magance, shekara ɗaya a Ingila da kuɗin wani ta ishe shi, kuma irinsa suke nema.

Amurka kuma sai an raba ta biyu. Mastas ɗinsu, kiredit 30 galibi, shekara ɗaya da rabi zuwa 2, kusan kullum kai za ka biya, kuma ya fi na Ingila tsada a wurare da yawa, wannan ku ajiye shi gefe. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne a can ana shiga PhD kai tsaye da digirin farko ba sai da mastas ba, kuma a injiniya in an ɗauke ka yawanci an yafe maka kuɗin makaranta, ana biyanka duk wata don kana aikin bincike a lab ɗin farfesa ko kana taimaka masa koyarwa. Shekara 5 zuwa 6 ne. Shekaru biyun farko kwasa-kwasai, sai wata jarrabawar tantancewa da in ka faɗi za a iya sallamarka da mastas, sai ka gabatar da abin da za ka bincika, ka buga takardu a mujallu, ka kare kundinka. Johns Hopkins, Duke, da Georgia Tech wadda ta haɗa sashe ɗaya da Emory su ne manya, amma ɗan Sakkwato mai hankali ba zai zuba duka ƙwansa can ba, akwai jami'o'in jihohi da yawa masu lab mai kyau da kuɗin bincike da gasar ba ta kai haka ba.

Abin da suke nema: maki aƙalla 3.0 bisa 4.0 a takarda, a zahiri waɗanda ake ɗauka sun fi haka, wasiƙun malamai 3, bayanin manufarka, TOEFL ko IELTS in ba su yafe ba, GRE kuma, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri, tun 2020 shirye-shirye da yawa sun daina tilasta shi. Ana rufe karɓa galibi a Disamba don farawa a Agusta. Amma zuciyar abin ita ce shaidar ka taɓa bincike. Farfesa kuɗinsa zai zuba a kanka shekara 5, yana so ya ga ka taɓa ɗaukar matsala ka bi ta har ƙarshe. Nan ne na ce wa yaron gaskiya, furojet ɗinka na aji biyar inbata ce irin wadda kowa ke haɗawa, ba za ta ɗaga ka ba. Kuma nan ne mastas na gida ko na Jamus ke zama tsani, ka yi bincike na gaske, ka buga ko takarda ɗaya, sannan ka nemi PhD da ƙarfinka. Sai maganar biza, wadda tun 2025 ta yi tsauri ƙwarai a kan 'yan Najeriya, dokokin na canjawa, don haka kafin ka kashe dala ɗaya a fom ka bincika halin da ake ciki a lokacin, ga kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, dala 350 da na biza dala 185 da ba a mayarwa. Ni a yanzu ba zan ce wa yaro ya jingina duka shirinsa da Amurka ba.

Akwai wasu ƙofofin da ba a cika ambata ba. Jami'ar KAUST a Saudiyya, garin Thuwal bakin Bahar Maliya arewa da Jidda, an buɗe ta 2009, mastas da PhD kaɗai take yi, da Turanci, kuma wanda ta ɗauka ta ɗauke masa kuɗin karatu da masauki da inshora har da na kashewa. Shirinta ya fi karkata ga ƙwayoyin halitta da na'urorin gano cuta, ba gyaran kayan asibiti ba, gasar kuma mai zafi ce, amma iyayenmu in suka ji Makka na kusa hankalinsu ya fi kwanciya, wannan ma abin lissafi ne musamman ga 'ya mace. Maleshiya, Jami'ar Malaya da jami'ar fasaha ta UTM, malamanmu na Arewa da yawa can suka yi, kuɗin bai kai na Turai ba, abinci halal, masallaci ko'ina, amma kai za ka biya, kuma malamin jami'a da ke sa ran TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ya sani ta dakatar da tura mutane waje daga farkon 2025. Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu tana da tsohon sashe mai ƙarfi, mastas na bincike, suna sa ɗan injiniya ya yi anatomi da fisiyoloji, kuma suna damuwa da na'urorin da suka dace da asibitocin Afirka. A can ne Allan Cormack ya fara tunanin lissafin da ya haifi CT har ya samu Nobel a 1979. Ga kuma Erasmus Mundus, sikolashif ɗin Tarayyar Turai, yuro 1,400 a wata, karatu a ƙasashen Turai biyu ko uku, fom kyauta ne a yawancinsu, don haka ba dalilin ƙin gwadawa.

Yanzu yarinyar. Ita na fi jin nauyin ba ta amsa don amsar ba mai daɗi ba ce. Jamus kusan a rufe take gare ta saboda ƙirgar lissafin nan, Radiyogirafi ba ta ba ta kiredit ɗin da suke nema ba. PhD na Amurka ma haka, sai ta cike kwasa-kwasan lissafi tukuna. Abin da ke buɗe mata biyu ne. Ko PGD a gida ta gina lissafi da lantarki sannan mastas, hanya ce mai tsawo, shekara 3 aƙalla, amma za ta fito da abin da take so. Ko kuma ta tsaya a layinta ta yi mastas a ɓangaren hoton asibiti, wanda a Ingila akwai masu karɓar 'yan Radiyogirafi kai tsaye, ta nemi Chevening tunda ta kusa cika shekara 2 a aiki, kuma labarinta na marasa lafiyar da ake mayarwa Illela shi ne irin abin da ake so a rubuta a fom ɗin, don gaskiya ne kuma ita ta gani. Na kuma ja hankalinta kan abu ɗaya, mastas a bayomedikal ba ya mayar da mutum injiniya mai rajista haka kawai, COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, tushen karatunka na injiniya take fara dubawa, don haka kar ta saki lasisinta na Radiyogirafi tana zaton ta kama wani. Sannan na ce mata abin da take so ɗin, sanin cikin injin, wani ɓangarensa ba a jami'a ake samunsa ba, horon kamfanin da ya ƙera injin ne, kuma lokacin da asibiti ke sayen sabuwar na'ura ne ake sa wannan horon cikin yarjejeniya, ta riƙa bibiya ta nemi a sa sunanta.

Mahaifinta ya tambaye ni a gefe, "Injiniya, Ibadan ɗin nan akwai masaukin mata?" Na ce akwai, kuma akwai unguwar Hausawa a Sabo, ba za ta rasa 'yan'uwa ba. Ya yi shiru, ya ce za su yi shawara da mahaifiyarta.

Duk hanyar da mutum ya zaɓa akwai abubuwan da ba a fafe gorarsu ranar tafiya. Transkirif a nema tun yanzu, ya kan ɗauki watanni, kuma zuwa da kai ya fi aike. Fasfo. Sunanka ya zama iri ɗaya a WAEC da digiri da fasfo da NIN, mu nan Muhammad a wata takarda Muhammadu a wata, Bello gaba a nan baya a can, wannan ƙaramin abin ya tsayar da mutane da yawa. IELTS sai an je gari irin Abuja ko Kano kuma sakamakon shekara 2 yake yi, kar a rubuta da wuri ya mutu kafin a yi amfani da shi. Malaman da za su rubuta maka wasiƙa ka je ka gaishe su tun kafin ka buƙace su, ka tuna masu aikin da ka yi, wasiƙar da ta ce yaro ne mai ladabi kawai ba ta da amfani a wajen waɗancan mutanen, so suke a ce ga abin da ya gina ga yadda ya warware matsala. Kuma kar a ba ejan miliyoyi, duk fom ɗin nan da waya da data ake cika su.

Da ɗan yayata ga inda muka tsaya. Ingila mun cire ta sai in sikolashif ya zo nan gaba, shi ma bai cika shekarun aikin ba. Amurka mun ɗage ta zuwa bayan mastas. Zai nemi Lübeck da Magdeburg da Erlangen, ya jefa KAUST da Erasmus tunda ba su cin kuɗi sosai, ya kuma sayi fom ɗin Ibadan, in kuɗin asusun Jamus bai haɗu ba kar shekara ta tafi a banza. Kafin nan zai riƙa bina asibiti kwana 3 a mako, na ba shi wata tsohuwar monita da ta daina karanta iskar jini ya buɗe ya gano dalili ya rubuta, ya kuma fara koyon furogiramin da Python da kuma Jamusanci da dare. Babansa ya ce shanu biyu zai iya sayarwa a Kara in tafiyar ta tabbata, amma gonar Kware ba za a taɓa ta ba, na ce masa nima ban so a taɓa. Jiya da safe yaron ya kira ni daga tasha, ya kama motar zuwa makarantarsu neman transkirif.